KAWUN DA BA NI DA SHI

Shafi na 11

Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in na ƙara ɓacewa za ta biyo ni gida ta ƙwace wayar ta ƙarasa labarin da kanta. Ki zo mana 'yar'uwa, akwai shayi. Gaskiyar magana wannan shafin nake ta gudu.

Ga waɗanda suka shigo mana yau: sunana Tegan, lokacin shekarata sha shida. Na gudo daga gidanmu, na yi ta kwana a kujerar falon kakar ƙawata, har mai gidan hayar ya gano ya ce ko in fita ko su fita. Mun tsaya a inda na isa ofishin ƙaramar hukuma ranar Juma'a da rana, da kayana cikin baƙar ledar shara, ina neman wurin kwana.

*

Mutumin sashen gidaje ko kujera bai nuna min ba. Ya leƙo ta bayan gilashi, ya dubi ledata, ya dube ni.

"Shekarunki nawa?"

"Sha shida."

Sai na ga fuskarsa ta washe kamar an sauke masa kaya.

"A'a, ke ai ba tamu ba ce. Sashen yara, hawa na biyu."

"Su suka turo ni nan ɗazu."

"To koma ki ce ni na ce ke tasu ce."

Haka na sake jan ledar na hau. Ta riga ta yage a gindi, hannun rigata yana leƙowa, duk wanda na wuce sai ya kawar da kai.

A wannan karon wata mata ce ta fito. Mai jiki, gashinta ya fara fari, katin aikinta na lilo a wuya, ga kofin shayi a hannu da alama tun safe take yawo da shi bai shiga cikinta ba.

"Ke ce suke ta bugawa kamar ƙwallo? Zo, 'yar nan. Sunana Moira, ni ce ke kan aiki yau."

"Na gode, Madam."

"Madam tana gidanta tana hutawa. Moira kawai."

Ta kai ni wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da kwalin tishu da akwatin kayan wasan yara a kusurwa. Ta turo min biskit. Rabona da abinci tun jiya, amma na kasa ɗauka.

"To. Me ya raba ki da gida?"

"Ba ma shiri da mamata."

"Wace mai shekara sha shida ce ke shiri da uwarta? Tawa ma da ƙyar muke gaisawa. Ta kore ki ne?"

"A'a."

"Ta doke ki?"

"A'a."

"Akwai wanda ya taɓa ki a gidan?"

Na girgiza kai. Ba ƙarya na yi ba, don har lokacin ba wanda ya taɓa ni.

Moira ta ajiye biro, ta haɗa hannuwa.

"Bari in faɗa miki yadda abin yake, kada ki ce na rufe ki. Doka ta ce in dai ba ki da inda za ki kwana, dole mu nema miki. Amma sai mun tabbatar ba ki da shi ɗin. Wato sai na ji daga bakin mamarki cewa ba za ki iya komawa ba."

Na ɗago kai da sauri.

"Kira za ki yi?"

"Kira zan yi."

"Don Allah kada ki kira."

"Me ya sa?"

"Barci take yi da rana."

"Sai ta tashi."

"Moira, don girman Allah. Zan kwana a tashar mota, na fasa. Ba ni ledata in tafi."

Ta ɗan dube ni ta saman tabarau. Na ga ta so ta gane wani abu, amma agogon bango na kallonta, ga wasu yara biyu a waje suna jiran layi, ga Juma'a kowa na son ya rufe teburinsa ya kama hanya.

"Duk haka kuke cewa," ta ce da murmushi. "Minti biyu ne. Sau da yawa uwa na jin muryar hukuma sai zuciyarta ta sauko."

Lambar tana gabanta a kwamfuta, tun lokacin da makarantarmu ta taɓa kai ƙarar rashin zuwana. Ta danna, ta saka a lasifika, ta ajiye wayar a tsakiyar tebur.

Mamata ba ta ɗaukar baƙuwar lamba. Ko mai kawo wasiƙa ba ta buɗe wa ƙofa. Na runtse ido ina roƙon Allah ya sa yau ma haka.

Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Barka da rana, da Donna nake magana? Sunana Moira, daga sashen yara na ƙaramar hukuma, ofishinmu na titin kasuwa. Tegan tana nan tare da ni, lafiyarta ƙalau."

Ofishinmu na titin kasuwa.

Haka suke gabatar da kansu, ko da wa suke magana, ya zame musu jiki. Ni kuwa tunda na bar gida na canza layin waya, na daina zuwa makaranta, na daina bin duk hanyar da na saba bi, don kada a san inda nake. Cikin numfashi ɗaya baiwar Allah ta zubar min da wahalata.

Can ɓangaren aka yi shiru. Sannan muryar Mama ta fito, siririya, mai zaƙi, irin wadda take yi in mai karɓar kuɗin haya ya zo.

"Wayyo 'yata! Na gode Allah. Ko barci ba na yi."

"Donna, tambaya ɗaya zan miki. Tegan za ta iya dawowa gida yau?"

Shiru.

"Ƙwarai kuwa. Ɗakinta na nan yadda ta bar shi."

"Ba wata matsala tsakaninku?"

Shiru.

"Rigimar yara ce kawai. A kan waya muka yi faɗa."

Duk tambaya sai ta tsaya kafin ta amsa. Moira ta ɗauka kuka ne ke shaƙe ta, har tana gyaɗa kai da tausayi. Ni na san jira take a faɗa mata abin da za ta ce.

Sai na ji shi. Ƙarar faratan kare a kan ledar ƙasan kicin ɗinmu, da ƙaramar sarƙa tana jan ƙafar kujera. Mamata da ke tsallake titi in ta hango ɗan kwikwiyo. Karen ba namu ba ne, wato mai shi yana tsaye a kanta.

"To madalla," in ji Moira. "Zan ba ta takardar shiga bas..."

"A'a, kada ki wahala." Shiru. "Yayana zai zo ya ɗauko ta. Kawunta. Yana kusa da ku ma."

Ƙit, aka kashe.

Moira ta sauke ajiyar zuciya, ta jingina da kujera.

"Kin gani? Uwa ai uwa ce. Kuma in faɗa miki gaskiya, 'yar nan, kin yi sa'a. Gadon da ya rage mana a garin nan yau ɗaya ne tal, a gidan kwanan matasa na bayan tasha, ni kuwa ko karena ba zan so ya kwana can ba. Kawunki zai..."

"Ba ni da kawu."

"Me?"

"Mamata ita kaɗai iyayenta suka haifa."

Murmushin ya tsaya a fuskarta, bai tafi ba, bai ƙaru ba. A hankali ta cire tabarau ta ajiye.

"To wane ne zai zo?"

Na sunkuyar da kai.

"Tegan. Dube ni. Wane ne zai zo ofishin nan?"

"In na faɗa miki za ku ɗauke Bonnie?"

"Wace ce Bonnie?"

"Ƙanwata. Shekararta shida."

Ta miƙe ta rufe ƙofar da ta bari a buɗe, ta dawo ta jawo kujerarta kusa da tawa. Muryarta ta canza, wasan nan duk ya fita.

"Kafin ki buɗe baki, saurare ni. Duk abin da kika faɗa min, in ya nuna akwai yaro cikin haɗari, ba zan iya riƙe shi a cikina ba. Dole in kai shi gaba. Ba zan miki alkawarin ƙarya ba."

"To na fasa."

"In kin fasa, abin da ke hannuna shi ne uwa ta ce ɗakin 'yarta na nan. A idon doka kina da gida. Ba ni da hurumin ba ki gado, kuma duk wanda ya zo da sunan kawu, ba ni da dalilin hana shi ganinki."

"Amma kin ji na ce ba kawuna ba ne!"

"Na ji. Ba ni abin da zan tsaya a kai."

Kun san abin da ya fi ba ni tsoro a duniya a lokacin? Su ne, mutanen ofishin nan. Tun muna ƙanana Mama ke ja mana kunne: kada ku kuskura ku faɗa wa malamai ba abinci a gida, kada ku ce na kwana ina kuka, masu kati a wuya za su zo su raba mu, ba za ku ƙara ganin juna ba. Da wannan tsoron na girma. Ga ni yau zaune da mai kati a wuya, gwiwata na gogar tata, kuma duk garin nan ba ni da kowa sai ita.

"Sunansa Curtis," na ce.

"Saurayin mamarki ne?"

"A'a. Ba kowanmu ba ne."

"To me yake yi a gidanku?"

"Da sanyin bara ne. Wutarmu ta ƙare, ba kuɗin saka wa mita. Ya ga Mama a shagon unguwa tana mayar da burodi, ya biya mata. Washegari ya zo da cefane leda biyu. Ya sai wa Bonnie takalmi. Ya riƙa kawo wa Mama ƙwayoyin da likita ya daina rubuta mata."

"Sannan?"

"Sannan ya ce abokinsa zai kwana a falo, dare ɗaya. Daga nan suka zama uku. Suka karɓi makullin. Ɗakina da ta ce yana nan yadda na bar shi, a ciki suke auna kayan mayen da suke sayarwa suna ƙullawa. Ni da Bonnie da Mama a gado ɗaya muke kwana, mu tokare ƙofa da durowa. Mutane na ƙwanƙwasa mana taga har asuba."

Moira ba ta rubuta komai ba. Idonta na kaina.

"Me ya sa mamarki ba ta kira 'yan sanda ba?"

"Gidan hukuma ne. Ya ce mata in aka kama kaya a ciki, ita za a ɗaure, a ƙwace gidan, a kwashe mu. Ya ce sunanta ne a jikin ƙofa, ba nasa ba."

"Ke kuma me ya sa kika gudu?"

Na ɗauki kofin shayinta mai sanyi na kurɓa ban ma sani ba.

"Ya ce in saka kayan makaranta. Ya ce ba mai tsayar da yarinya mai yunifom a jirgin ƙasa. Zan kai jaka wani gari, wani zai karɓa a tasha, in dawo kafin a tashi daga makaranta. Ya goge min rigar da kansa, Moira. Ya rataye ta a jikin ƙofa, ya ce da safe. Ni kuma na fita ta tagar banɗaki."

"Kin bar Bonnie."

Ba da faɗa ta faɗa ba, amma sai da ya soke ni.

"Tana barci. Na ce in na samu ɗaki zan dawo in ɗauke ta. Shi ya sa na zo nan! Ɗaki kawai nake so, ban zo kai ƙarar kowa ba!"

Kukan da nake dannewa tun safe ya ƙwace. Moira ta turo kwalin tishu, ta miƙe tsaye. Ashe matar nan da nake wa kallon mai nauyin jiki tana da sauri.

"Ba za ki koma gidan nan ba. Kin ji ni? Ko zan kai ki falona ne. Daga yanzu kina hannunmu, ba ɗaki kawai za mu jefa ki mu manta ba, za a samo miki gidan riƙo a wajen garin nan, inda bai sani ba."

"Bonnie fa?"

"Wace makaranta take?"

Na faɗa mata. Ta dubi agogo, na ga ta ciji leɓe. Ta ɗaga waya ta fara kiran wani babbansu, ta yi magana ƙasa-ƙasa da sauri, na tsinci "'yan sanda" da "yanzu-yanzu". Ta kashe, ta kira makarantar.

"Moira ce daga sashen yara. Akwai yarinya Bonnie a aji ɗaya. Ku riƙe ta a ofis, kada ku ba kowa ita, ko uwarta ce, sai na zo da kaina."

Ban ji abin da aka ce mata ba, don wannan karon ba ta saka lasifika ba. Fuskarta kawai nake kallo, na ga jinin da ke cikinta ya janye.

"Yaushe?... Wa ya ba ku izini?... Ita da bakinta ta kira?"

Ta ajiye wayar a hankali kamar ƙwai.

"Moira?"

"Zauna, Tegan."

"A zaune nake. Me suka ce?"

"Mamarki ta kira su ɗazu, bayan mun gama magana. Ta ce Bonnie na da ganin likitan haƙori, kawunta zai zo ya ɗauke ta kafin a tashi."

"Suka ba shi?"

"Uwa ce ta kira. Kuma yarinyar ta san shi, da gudu ta je wurinsa."

Takalmin. Takalmi mai fitila a dunduniya da ya sai mata. Bonnie na ganinsa take tsalle, ita a wurinta Curtis mutumin kirki ne mai alewa a aljihu. Na riƙe bakin tebur.

"Ke kika faɗa masa inda nake," na ce. Muryar ma kamar ba tawa ba. "Na roƙe ki. Na ce kada ki kira."

"Na sani."

"Na haɗa ki da Allah!"

"Na sani, 'yar nan. Laifina ne, kuma zan amsa shi a gaban kowa. Amma yanzu ki bar ni in yi aiki. 'Yan sanda na hanya."

"Yaushe za su iso?"

Juma'a ce, ranar wasan ƙwallo a garin, duk motocinsu suna bakin filin wasa. Ni da ita duk mun san haka.

Wayar tebur ta yi ƙara.

Muka dube ta tare. Lambar cikin gida ce, daga teburin karɓar baƙi na ƙasa. Moira ta ɗauka, amma matar ƙasan irin masu murya ce, ko ba lasifika ina jin ta tar.

"Moira, ga kawun yarinyar nan ya iso. Kai, mutum mai fara'a! Har da 'yar ƙaramar, kyakkyawa da ita, na ba ta alewa."

"Sandra, saurare ni da kyau. Ki ce masa muna cike takardu. Ki ba shi shayi. Ki ja yarinyar ki kai ta bayan tebur, ki ce za ki nuna mata kifin cikin gilashi."

"Ai na ce ta zo ta gani, ya ce a'a, sauri suke. Yana riƙe da hannunta. Lafiya dai?"

Ɗakin yana da 'yar taga mai kallon zauren ƙasa. Ban san lokacin da na isa jikinta ba.

Yana tsaye a tsakiyar zauren, cikin jaket mai tsabta, ya yi aski, kamar uban da ya fito daga taron iyayen yara. Mai gadi na can bakin ƙofa yana danna waya. Bonnie na gefensa da jakar makarantarta, kitson da na yi mata kafin in gudu duk ya tsefe, ba wanda ya gyara mata.

Ita ta fara ganina. Ta daka tsalle tana ɗaga min hannu, bakinta na kiran sunana.

Sai ya ɗago kai. Ya yi min murmushi. Ya saki hannunta, ya ɗora tafinsa a bayan wuyanta, a hankali, kamar mai lallashi.

"Tegan, matsa daga tagar nan," in ji Moira.

Muryar Sandra ta sake fitowa daga wayar.

"Moira, kina ji? Ya ce a gaya wa babbar, mota na jira a waje ba a kashe ba. In tana zuwa ta sauko yanzu. In kuma ba ta zuwa ba komai, shi da ƙaramar za su wuce, wai dama ita ma tana da yunifom."

Na juyo.

Moira ta riga ta saki wayar tana lilo, ta tsaya tsakanina da ƙofa, ta ware hannuwa.

"Kin samu gado, Tegan. Kin samu. In kika sauka matakalar nan ba ni da ikon dawo da ke. Ki ba ni minti kaɗan, don Allah."

Ta taga na ga ya juya da Bonnie, sun nufi ƙofar fita. Tana tafiya tana waiwayena.

"Matsa min, Moira."

"Ba zan matsa ba."

"Na ce ki matsa!"

Na sunkuya ta ƙarƙashin hannunta, na cafki mariƙin ƙofar, na murɗa.